Kada Lasisinki Ya Hau Bangon Kawu Isah

Garin Shagari,
ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da mahaifiyarki da ƙannenki, tare da roƙon Allah Ya tsare ki a gida, Ya tsare ki a bisa hanya, Ya kuma tsare ki a inda za ki sauka.

Ni ne Aminu, ƙanin mahaifinki, ma'abucin digiri a kimiyyar jinya, wanda ya fita da sakamako mafi daraja a ajinsu, mai rajista da lasisin aiki, kuma mai kula da ɗakin maza a asibitin da nake. Ban jero waɗannan domin alfahari ba, ko da yake babu aibi idan mutum ya ambaci abin da ya yi wa gumi. Na jero su ne domin ki san mai maganar ya san fagen da yake magana a kai. Manufar wasiƙar guda ɗaya ce tak: in hana ki miƙa wa Kawunki Isah takardar lasisinki ta ungozoma domin ya rataye ta a kemis ɗinsa na Kajiji.

Na san shekara goma sha ɗaya kacal na ba ki. Na kuma san ke da ƙannenki kuna kirana Baffa Ƙamus a bayan idona saboda manyan kalmomi. Ban damu ba. Amma ranar da aka rufe mahaifinki Yaya Umaru, ni dattawan gida suka damƙa wa ku, ina ɗalibi, ko gemu ban tara ba. Saboda haka a matsayin uba nake rubuta wannan, kuma a matsayin uba nake so ki karanta.

Shekaranjiya Juma'a na zo Bodinga, kin fita karɓo takardar tura ki aiki Kajiji. Ina cikin cin tuwo mahaifiyarki take ba ni labari da fara'arta, wai Allah Ya yi miki gata, Kawu Isah ya ware miki ɗaki a gidansa, ci da sha duk nasa, abin da kawai yake so shi ne takardarki ta zauna a bangon shagonsa. Ta ce har ya aiko da zare an auna tsawonta da faɗinta, za a kai wa mai gilashi. Da na tambaya me kika ce, sai ta ce kin sunkuyar da kai kin ce to. Na tsame hannuna daga kwanon. Ta tambaye ni ko miyar ce ba ta yi ba, na ce na ƙoshi. Ban yi ƙarya ba.

Lubabatu, tawa takardar ma an taɓa auna ta da zare. Abin da zan faɗa miki yanzu, babu wanda ya san ƙarshensa a gidanmu.

Zan fara da kuskuren da ya haifi sauran. Shekarar da na kammala, na dawo gida da farar riga da girman kai wanda ya fi rigar haske. Mutane suka fara ce mini Dakta. Ni nas ne, ba likita ba, kuma na san bambancin fiye da kowa, amma ban taɓa gyara wa mutum ɗaya ba, domin sunan yana yi mini daɗi a kunne. Ɗan littafin ɗa'ar aiki da hukumarmu ta ba mu tare da lasisi kuwa, da shi na tokare ƙafar teburina da ke rawa. A ganina wanda ya zo na ɗaya a aji ba ya bukatar a karanta masa dokoki. Ke kada ki yi haka. Ranar farko da wata tsohuwa ta ce miki likita a Kajiji, ki gaishe ta da ladabi ki ce mata ke ungozoma ce. Wanda ya karɓi sunan da ba nasa ba, wata rana za a kawo masa aikin da ba nasa ba, kuma kunya za ta hana shi mayarwa. Littafin nan ki karanta shi daga bango zuwa bango kafin ki hau mota.

Kin san Baba Ladan na Dingyadi, aminin kakanki Malam Sule. Tare suka yi karatun allo, kuma shi ya raɗa mini suna. Ya daɗe yana aikin wankin miki a wani asibiti, da ya ajiye aiki sai ya buɗe kemis, da ɗan ɗaki a baya mai labule. Wata huɗu da samun lasisina ya zo gida da kansa, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya yi mini addu'a doguwa, ya tuna mini yadda ya ɗauke ni a kafaɗa ranar da kunama ta harbe ni, sannan ya ce:

"Ɗana, ba wani abu ba na. Takardag ga taka nika so mu rataya ga bango, da hotonka mai farar riga, don masu duba shaguna su bar damuna. Kai ko zuwa ba sai ka yi ba."

Na san haramun ne a dokar aikinmu. Ina so ki lura da wannan jimla, domin daga baya na yi ƙoƙarin musanta ta. Na sani. Amma kakanki yana zaune gefe yana jan carbi, idonsa a kaina, kuma a gidanmu ba a taɓa jin yaro ya ce wa aminin ubansa a'a ba. Na sunkuyar da kai na ce to, daidai yadda kika yi. Washegari aka aiko da zare.

Ga abin da ban fahimta ba a lokacin, duk da digirina. Lasisi ba gado ba ne, ba kuma garma ba ce da za ki ba maƙwabci aro ya yi huɗa ya dawo da ita. Amana ce da hukuma ta ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa da lambarsa a cikin rajista. Ma'anarsa a bango ita ce: mai wannan suna yana nan, ya gani, ya amince, ya ɗauki alhaki. Duk allurar da aka yi a ƙarƙashin wannan gilashi, da sunanki aka yi ta, ko kina can kina karɓar haihuwa a wani ƙauye. Kara ɗabi'a ce mai kyau, da ita aka raine mu, amma ki yi wa Kawu kara da abin da yake naki. Lafiyar mutanen Kajiji ba taki ba ce balle ki yi kyauta da ita.

Kuskure na gaba ya fi wannan muni, kuma shi ne wanda har yau yake hana ni kallon kaina da daraja. Wata ranar kasuwa na biya Dingyadi a kan babur, na tsaya gaida Baba Ladan. Iska ta ɗaga labulen ɗakin baya. Na ga mace kwance a kan benci, an rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa, ga sirinji a cikin kwanon sha. Sama da ƙofar kuwa ga hotona ina murmushi. Na gani da idona. Abin da ya wajaba a kaina shi ne in hau kujera in sauke takardata a take. Maimakon haka na karɓi ruwan da ya miƙo mini, na tambayi lafiyar iyali, na tayar da babur. A hanya ina ce wa kaina ai dattijo ne, ya fi shekara talatin a cikin asibiti, ya fi ni sanin hannu. Saboda haka, ɗiyata, duk ranar da kika ga abin da ba daidai ba a wurin aiki, ki yi magana a ranar, ki kuma rubuta. Shirun da kika yi yau, gobe shi za a karanta miki a matsayin yarda.

Da lokacin dashen albasa ya zo, wani manomi mai suna Malam Garba ya shiga kemis ɗin da ciwon baya, irin na wanda ya yini a duƙe cikin fadama. Baba Ladan ya yi masa allurar kashe ciwo a ɗuwawu, ya sauka ƙasa da inda ya dace, ya taɓa babbar jijiyar da ke saukowa zuwa ƙafa. Malam Garba ya shiga da ƙafafunsa biyu, ya fita yana jan ta dama. Da aka kai shi babban asibiti a Sakkwato, likitar da ta duba shi ta tambayi wanda ya yi allurar. 'Yan uwansa suka ce a shagon Dakta Aminu ne. Ita kuwa ta sauke nauyin da doka ta ɗora mata, ta rubuta wa hukumarmu. Na shekara ina jin haushin matar nan. Yanzu na san cikinmu duka ita kaɗai ta yi aikinta.

Takardar tuhuma ta same ni a wurin aiki, ana neman bayanina a rubuce. A nan Baffa Ƙamus ya nuna halinsa. Na zauna na tsara shafi huɗu na Turanci mai nauyi, na kawo tarihin aikin jinya, na yi bayanin ƙarancin ma'aikata a karkara, na ambaci sakamakona har sau biyu. A shafi na uku na saka ƙarya guda ɗaya: na ce kwafin takardata aka ɗauka ba da sanina ba. Na karanta wa kaina amsar da ƙarfi, na ji daɗinta ƙwarai.

Ana cikin haka dattawanmu suka yi abin da suka gada. Kakanki da liman da wasu mutum uku suka ɗauki goro da buhun gero suka tafi gidan Malam Garba ban-haƙuri, ni ina biye da su kaina a ƙasa. Baba Ladan ya yi kuka da hawaye a gaban jama'a, kuma na yi imani kukan gaskiya ne, domin shi ba mugu ba ne. Malam Garba ya ce ƙaddara ce, ya yafe duniya da lahira. Aka yi fatiha, aka shafa. A hanyar dawowa kakanki ya ce alhamdu lillahi, magana ta mutu. Ni ma haka na ɗauka, har na rubuta wa hukuma cewa an sasanta, ina neman a rufe fayil.

Ba a rufe ba. Sai ma aka ƙara mini tambaya a kan dalilin da ya sa na je gidan mai ba da shaida da kaya alhali bincike yana gudana. Ki riƙe wannan da kyau, domin babu dattijon da zai faɗa miki: yafiyar wanda aka cuta tana tsakaninsa da ke da Allah, kuma abin nema ce. Amma hukuma ba ramuwa take nema masa ba. Tambayarta ita ce ko wannan ma'aikaci ya cancanci a ci gaba da damƙa masa marasa lafiya, wato mutum na gaba da zai shigo, wanda bai yafe komai ba tukuna. Goro ba ya amsa wannan tambaya.

Ranar zaman kwamitin ladabtarwa na ce wa gida taro zan je. Na sa kwat. Shugabar zaman wata dattijuwar nas ce mai tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga shafukana huɗu ta ce, "Malam Aminu, na karanta wannan sau biyu, na ƙaru da kalmomi, amma ban ga amsa ba. Takardar da ke bangon taka ce ko ba taka ba ce?" Na fara da cewa bisa la'akari da yanayin da ake ciki, sai ta ɗaga hannu. Aka buɗe wani ƙunshi a kan tebur. Takardata ce ta asali a cikin gilashinta, da hatiminta, da hotona a gefe. Ƙaryar shafi na uku ta mutu a wurin, ina tsaye.

Sannan aka shigo da Malam Garba. Tun daga ƙofa ake jin ƙafar tana shara a kan siminti. Ya ɗaure takalminsa da robar taya don kada ya zame. Aka tambaye shi me ya sa ya yarda aka yi masa allura a kemis, ga asibitin gwamnati ba nisa. Bai dube ni da fushi ba, da ma ya yi. Ya ce:

"Ranki shi daɗe, ni ban iya karatun boko ba. Amma na ga hoton ɗan Malam Sule ga bango da farar riga. Nic ce tunda yaron ga na nan, babu komi. Shi yas sa nik kwanta."

Lubabatu, ba ni na riƙe sirinjin ba. Ina nesa da wurin a ranar. Amma ni na kwantar da shi a kan bencin nan.

An dakatar da ni shekara guda, tare da sharaɗin in sake zama ajin ɗa'ar aiki kafin a mayar mini da lasisi. Shugabar ta faɗa mini a fili cewa bayar da takardar laifi ne babba, amma ƙaryar ce ta kusa sa a goge sunana daga rajista gaba ɗaya, domin ma'aikacin da ya yi kuskure ana iya gyara shi, wanda yake ɓoye kuskure kuwa ba a san inda za a fara ba. Idan wata rana, Allah Ya kiyaye, takardar tuhuma ta same ki, ki amsa a kan lokaci, a gajarce, da gaskiya tsirararta. Ki faɗi abin da ya faru, da abin da kika yi, da abin da kika kasa yi. Wannan shawara ce daga mutumin da ya fi kowa son doguwar jimla a ƙaramar hukumar Bodinga.

Yanzu na zo kan wanda ya shafe ki kai tsaye. Kin tuna shekarar da na tafi kwas Zariya, kina aji huɗu a sakandare, kina cika wa ƙawayenki baki da Baffanki? Babu wani kwas. Motar albasa na bi zuwa Kudu. A can na zauna a kasuwa ina rubuta sunayen masu kaya a jikin buhuna, ni mai digiri, ina ɓuya duk lokacin da na ji muryar mutumin Dingyadi. Agogon nan na ƙirji da na kawo miki tsaraba, na ce an ba mu ne a wurin kwas, a bakin tasha na saye shi. Kin ce mini saboda shi kika zaɓi wannan aiki. Na ga kin maƙala shi a rigarki ranar yaye ku, kowa yana tafi. Na ɓoye muku ne don kada girmana ya zube, kuma ga sakamakon ɓoyon: shekara shida bayan haka an sake aiko da zare gidanmu, babu wanda ya firgita, domin wanda ya san abin da zaren yake nufi ya yi shiru.

Ban ce Kawu Isah mugu ne ba. Ɗan uwan mahaifiyarki Hauwa ne, yana sonki, kuma na tabbata a ransa taimakon juna yake gani. Baba Ladan ma haka ya gani. Amma na san shagon nan, na san akwai labule a bayansa, kuma na san matan rugagen da ke kewaye da Kajiji za su ji an ce ɗiyar Hauwa ungozoma ta rataye takarda a can. Mace mai naƙuda da aka ɗauko a kan babur, ta sha hanya mai ramuka, ba za ta wuce ƙofar da ke da sunanki ba. A nan za a sauke ta, ke kuwa ba kya nan. Ni ƙafa aka rasa a sanadina. A fanninki rai biyu ake shigowa da su.

Ga yadda za ki yi. Ki je ki gaida Kawu Isah, ki durƙusa kamar yadda aka koya miki, ki gode masa a kan ɗakin. Sannan ki ce masa Baffa Aminu ya hana, kuma ba ki da ikon tsallake maganar ubanki. Ki ɗora mini laifin duka. Ya ce ina da girman kai, ya ce boko ya lalata ni, ya daina amsa gaisuwata a wurin suna da jana'iza, duk zan ɗauka. Idan ya janye ɗakin, na riga na yi magana da mai kula da asibitin da aka tura ki, akwai ɗakin ma'aikata a baya, ƙarami ne amma yana da ƙofa mai kulle. Mahaifiyarki za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka, ta ce za ki raba ta da ɗan uwanta. Wannan ma ki bar mini.

A can kuma, ki tsaya iyakar abin da aka horar da ke. Abin da ya fi ƙarfinki ki tura shi gaba da wuri, tun ana iya hawa babur, ko da dangin mai ciki sun ce kin cika tsoro. Ki rubuta lokaci da abin da kika gani da abin da kika bayar, a sa'ar da kika yi shi, ba bayan kin huta ba. Kada ki yi wa kowa allura a tsakar gida, ko da gwaggonki ce ta kawo kwalbar a bakin zane. Ki sabunta lasisinki kafin wa'adinsa ya cika.

Dole in faɗa miki abu na ƙarshe, kuma na fi so ki ji shi daga gare ni tun yanzu. Dokar da ta wajabta wa likitar nan ta rubuta a kaina, ni ma tana kaina. Idan na zo Kajiji na ga takardarki a bangon nan, ba zan karɓi ruwa in tayar da babur ba. Na yi wannan sau ɗaya. Zan sauke ta da hannuna, kuma zan rubuta wa hukuma da wannan alƙalami, da sunan Kawunki da naki. Ina roƙonki da girman Allah da darajar Yaya Umaru, kada ki kai ni wannan rana.

Malam Garba yana nan da ransa. Ba ya iya shiga fadama, sai dai ya zauna bakin kasuwa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga ta mutane. Duk sanda na wuce sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakta, lahiya? Ya iyali?" Yanzu nakan tsaya in ce masa ni nas ne, Malam. Sai ya yi dariya ya ce duk ɗaya ne.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wata takarda mai ninki huɗu. Ita ce ta dakatar da ni, ta asali. Babu wanda ya taɓa ganinta a gidanmu. Ki karanta. Idan kin ga sai mahaifiyarki ta ji abin da ke ciki kafin ta bar ki ki ce wa Kawu a'a, ki karanta mata, na yarda, ko da girmana zai zube a tsakar gida.

Bisa ga haka, ina bukatar amsarki a rubuce, da hannunki da sa hannunki, ba ta waya ba, ba kuma ta bakin ɗan aike ba, ta iso ni nan Shagari kafin sallar Azahar ta ranar Alhamis mai zuwa, tunda Asabar za ki tafi. Ba shafi huɗu nake so ba. Layi biyu sun isa: cewa takardarki tana hannunki, kuma ba za ta shiga gilashin kowa ba. Ki haɗo mini da tawa takardar dakatarwar a ciki.

Allah Ya kai ki Kajiji lafiya, Ya tsare hannunki daga cutar da bawanSa, Ya sauke duk macen da za ta zo gare ki lafiya ita da abin da ke cikinta, Ya jiƙan mahaifinki. Amin.

Ubanki,
Baffa Aminu.